Yadda Ake Amfani da Wayar Hannu Wajen Gano Matsalar Farfela Bayan An Ɗaga Mota

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube ya saba ganin motocin a-kori-kura na Amurka da Ostareliya waɗanda aka ɗaga sama, aka sa musu manyan tayoyi, suna hawa duwatsu suna ratsa laka. A nan gida ma ana yin haka ga Hilux da Land Cruiser masu shiga hanyoyin ƙauye da damina, ko masu ɗaukar kaya fiye da kima. Wani ya ƙara ganyen sifirin, wani ya sa dogon shakazoba, wani kuma ya yi odar cikakken saitin ɗaga mota daga waje.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne abin da kan biyo baya. Motar da take tafiya lami lafiya sai ta fara jijjiga da zarar an taka totur, ko a riƙa jin wani gurnani daga ƙarƙashin kujera in an kai wani gudu. Mai mota ya kai tayoyi balansin, ba ta daina ba. Ya canza kuros, bayan 'yan watanni sabon ma ya mutu. Sau da yawa laifin ba na taya ba ne, ba kuma na kayan gyara ba ne. Ɗaga motar ne ya canza kusurwar farfela da tsawon da take buƙata, kuma duka biyun abubuwa ne da ake aunawa. Wayar da ke aljihun mai karatu za ta iya yin mafi yawan awon.

Mene ne aikin farfela?

Farfela ita ce doguwar sandar ƙarfe mai rami a ciki da ke ƙarƙashin mota, wadda ke ɗauko juyi daga giyabos ta kai wa aksil ɗin baya. A mota mai jan ƙafa huɗu akwai guda biyu, ta gaba da ta baya, kuma duka suna fitowa ne daga giyar oksilari da ke manne a bayan giyabos.

Inji da giyabos a ɗaure suke a jikin shasi, ba sa motsi sosai. Aksil kuwa yana hawa yana sauka tare da tayoyi a duk ramin da aka faɗa. Saboda haka dole farfela ta iya abu biyu: ta lanƙwasa, kuma ta ƙara tsawo ko ta rage. Lanƙwasawa aikin kuros ne, wato ƙarfen nan mai siffar alamar tarawa da ke kowane ƙarshe, mai kofuna huɗu cike da ƙananan allurai na boris. Canjin tsawo kuma aikin wani sashe ne mai haƙora da ke zamewa ciki da waje, ko dai a jikin farfelar, ko a bakin giyabos.

Wannan mahaɗi tsohuwar fasaha ce. Ana kiransa da sunan Gerolamo Cardano, masanin lissafi ɗan Italiya da ya rayu a ƙarni na 16. Robert Hooke na Ingila ya yi nazarinsa a ƙarni na 17, sannan Clarence Spicer ya yi rajistar samfurin da ya dace da mota a Amurka a 1903. Har yau sunan Spicer yana kan kayan farfela da kamfanin Dana ke ƙerawa.

Dalilin da ya sa kuros ba ya son lanƙwasa da yawa

Hooke ne ya lura da wani hali na wannan mahaɗi. Idan sanduna biyun suna kan layi ɗaya, gudun da ya shiga shi ne yake fita. Da zarar an lanƙwasa, ɓangaren da ake juyawa yana ƙara sauri sau biyu, yana rage sauri sau biyu, a kowane zagaye guda, ko da kuwa injin yana juyawa da gudu ɗaya.

Girman wannan hawa da sauka ya danganta da kusurwa. A digiri 3 bai kai kashi 0.2 cikin ɗari ba. A digiri 10 ya kai kusan kashi 1.5, a digiri 15 kuma kusan kashi 3.5. Lambobin kamar ba su da yawa, amma farfela a kan babban titi tana juyawa sau dubu biyu zuwa uku a minti ɗaya, don haka fizgar tana maimaituwa kusan sau ɗari a daƙiƙa.

Dabarar masu ƙera mota ita ce sa kuros biyu. Na farko yana kawo fizgar, na biyu yana soke ta. Sokewar ba ta yiwuwa sai an cika sharuɗɗa biyu: kusurwar kuros na gaba ta yi daidai da ta na baya, kuma kunnuwan ƙarfen da ke riƙe da su a ƙarshen farfelar biyu su kasance a layi ɗaya. Daga nan ne aka samo ƙa'idoji uku da masu sana'ar farfela ke bi:

1. Bambancin da ke tsakanin kusurwar gaba da ta baya kada ya wuce digiri 1.
2. Kowace kusurwa kada ta gaza rabin digiri, domin in babu lanƙwasa kwata-kwata alluran ba za su juya ba, sai su ci rami a wuri ɗaya.
3. Ƙasa da digiri 3 shi ne abin da ya fi sa kuros daɗewa. Ana iya wuce haka, amma iyakar tana raguwa da ƙaruwar gudu. A jadawalin Spicer, farfela mai juyi 2,000 a minti tana jure kusan digiri 8 da rabi, a juyi 3,000 kusan digiri 6, a juyi 5,000 kuma digiri 3 da ɗan wani abu.

Abin da ɗaga mota ke canzawa

Ba kowane irin ɗagawa ke taɓa farfela ba. Idan bodi kawai aka ɗaga daga kan shasi da 'yan gammo, inji da giyabos da aksil suna nan inda suke, farfela ba ta san an yi ba. Manyan tayoyi ma su kaɗai ba sa canza kusurwa. Wanda ke kawo matsala shi ne ɗagawa ta sifirin, domin shi ne ke nisanta shasi daga aksil.

Lissafin mai sauƙi ne. Farfela mai tsawon mita 1, in aka ɗaga mota santimita 5, kusurwarta tana ƙaruwa da kusan digiri 3. Mai tsawon mita 1.5 ba za ta kai ƙarin digiri 2 ba. Gajera mai santimita 60 kuwa, in aka ɗaga santimita 10, ƙarin ya haura digiri 9. Shi ya sa gajerun motoci suka fi shan wahala. Jeep Wrangler ƙirar TJ, wadda aka yi daga 1997 zuwa 2006, ta yi suna a Amurka wajen wannan matsala saboda gajartar farfelarta ta baya.

Hanyar da aka bi wajen ɗagawar ma tana da tasiri. Idan aka tsawaita ƙarfen da ke rataye da ƙarshen sifirin na baya, aksil yana ɗan juyawa, hancinsa, wato wurin da farfela ke ɗaure, ya kalli sama. Ke nan kusurwar baya ta canza daban da ta gaba, daidaiton nan ya tafi.

Sai kuma tsarin gaban mota. Land Cruiser jerin 70 tana da miƙaƙƙen aksil gaba da baya, don haka ɗagawa na taɓa farfela biyun. Hilux ta zamani, kamar ƙirar 2005 zuwa sama, kowace tayar gaba zaman kanta take, kuma akwatin aksil ɗin gaba a jikin shasi yake. A irin wannan farfelar gaba ba ta canzawa, amma gajerun shaf ɗin da ke zuwa tayoyin gaba su ne ke karkata, robarsu ta riƙa yagewa da wuri. Yawancin Hilux masu ƙofa huɗu kuma farfelarsu ta baya kashi biyu ce, da boris a tsakiya wanda ke ɗaure a shasi. Wannan na nufin rabin baya ne kaɗai ke ɗaukar duk karkatar, kuma gajere ne.

Matakin farko: a tabbatar farfela ce

Kafin a kwance komai, yana da kyau a san daga ina jijjigar take. Akwai alamomin da kunne da jiki ke ganewa. Jijjigar kusurwa ta fi fitowa lokacin tashi daga tsaye ko in an taka totur, ta lafa in an ɗaga ƙafa. Jijjigar rashin balansin kuwa gudu take bi, ko an taka ko ba a taka ba. Ƙarar "ƙwas" lokacin sa giya ko fita daga rami tana nuna kuros ya yi lako-lako, ko sashen zamewa ya kai ƙarshensa.

Waya tana iya ƙara haske a nan. Kowace wayar zamani tana da wata ƙaramar na'ura mai jin motsi, wadda ita ce ke juya sikirin in an kwantar da waya, ita ce kuma ke ƙirga taku. Manhajar Phyphox, wadda Jami'ar RWTH da ke birnin Aachen na Jamus ta yi, kyauta ce a Android da iPhone. A cikinta akwai sashen da aka rubuta wa Acceleration Spectrum, wanda ke nuna sau nawa abu ke jijjiga a daƙiƙa ɗaya. Wannan adadi shi ake rubutawa da Hz.

Kowane sashe na mota yana da nasa adadin. A ɗauki taya mai lamba 265/65R17, wadda kewayenta ya kai kusan mita 2.44. A gudun kilomita 50 a awa tana juyawa kusan sau 5.7 a daƙiƙa. Idan aksil ɗin motar na buƙatar juyin farfela 4.1 kafin taya ta juya sau ɗaya, to farfela na juyawa kusan sau 23 a daƙiƙa. Saboda haka:

- Tsini a wajen Hz 6 yana nuna taya ko rim.
- Tsini a wajen Hz 23 yana nuna farfela ta lanƙwashe ko ba ta da balansin.
- Tsini a wajen Hz 47, wato ninki biyu, yana nuna kusurwa ko kunnuwan da ba sa kan layi, tunda fizgar kuros sau biyu take zuwa a kowane zagaye.

Wanda bai san lambar aksil ɗinsa ba, sai ya sa alli a taya da farfela, a tura motar a hankali har taya ta zagayo sau ɗaya, wani na tsugune a gefe yana ƙirga juyin farfela.

Akwai dalilin zaɓar kilomita 50. Na'urar ba ta iya ganin jijjigar da ta wuce rabin adadin karatun da take yi a daƙiƙa. Wayar da ke karatu sau 100 a daƙiƙa iyakarta Hz 50 ke nan, kuma wayoyi da yawa a nan suke, ko da yake wasu sun fi haka. Manhajar tana nuna iyakar kowace waya. A manna wayar da kyau a ƙarfen ƙasan mota ko ƙafar kujera, kada a ajiye ta a kan kushin, domin soso yana shanye jijjiga. Fasinja ne zai kula da ita, direba ya ji da hanya. In ana zargin inji, sai a canza giya a riƙe gudu ɗaya. Tsinin da ya matsa na inji ne, wanda ya tsaya a wurinsa na taya ne ko farfela.

Mataki na biyu: auna kusurwa

Na'urar da ke jin motsi ita ce kuma ke gane inda ƙasa take, don haka waya tana iya zama ma'aunin karkata. Phyphox tana da sashen Inclination. Kamfanin TREMEC mai ƙera giyabos yana da manhaja mai suna TREMEC Toolbox, wadda ke karɓar awo uku ta fitar da kusurwoyin da kanta. Manhajar Measure ta iPhone ma tana da ma'auni, sai dai cikakken digiri kawai take nunawa, ga shi a nan rabin digiri ma yana da muhimmanci. A nemi wadda ke nuna ɗigo, kamar 3.4.

Kafin a fara:

- A tsayar da mota a wuri mai laushin shimfiɗa, tayoyi huɗu a ƙasa, da nauyin da ta saba ɗauka. Motar da kullum take ɗauke da buhuna, in aka auna ta babu kaya, lambobin ba za su yi amfani ba.
- A kashe inji, a ja birkin hannu, a tare tayoyi da katako ko dutse gaba da baya.
- A cire wa waya riga. A yi amfani da gefen da ba shi da maɓalli, ko ƙasanta. Bayan waya bai dace ba saboda tudun kyamara.
- A gwada wayar: a ɗora ta a wuri ɗaya a karanta, a juya ta gaba ya koma baya a sake karantawa. In lambobin sun bambanta, tsakiyarsu ce gaskiya, kuma yawancin manhajojin suna da wurin saita sifili.

Awo uku ake buƙata, duka daga gefe ɗaya na motar, wayar na fuskantar wuri ɗaya. Na farko karkatar giyabos ko giyar oksilari, wadda ake ɗauka a fuskar faifan da farfela ke ɗaure a kai, ko a wani wuri mai santsi da aka goge a masana'anta. Na biyu karkatar bututun farfela, a tsakiyarta, bayan an goge laka. Na uku karkatar hancin aksil, shi ma a fuskar faifansa. Inda waya ba za ta shiga ba, ana juya farfela har kofin kuros ya kalli ƙasa, a ɗora soket a kan kofin, sannan a ɗora waya a kan soket ɗin. Awon da aka ɗauka a tsaye, sai a cire shi daga 90 don ya zama na kwance. A maimaita kowane awo sau uku.

A rubuta kowace lamba tare da inda ta gangara, ana kallo daga gaban mota zuwa baya. Idan sassa biyu sun gangara wuri ɗaya, ana cire ƙaramar lamba daga babba. Idan ɗaya ya gangara ɗaya ya hau, ana tarawa.

Ga misali. Giyar oksilari ta gangara baya da digiri 3, farfela digiri 9, aksil digiri 1. Kusurwar kuros na gaba ita ce 9 a cire 3, wato 6. Ta baya 9 a cire 1, wato 8. Bambanci digiri 2 ne, ya ninka abin da aka yarda da shi. In aka ɗaga hancin aksil da digiri 2, duka biyun za su dawo wajen 6. Jijjigar za ta ragu sosai, amma akwai abin lura: da tayar da aksil ɗin da aka ambata a sama, gudun kilomita 100 a awa yana juya farfela kusan sau 2,800 a minti, kuma digiri 6 a wannan gudu yana bakin iyaka. Motar za ta tafi, sai dai kuros zai buƙaci giris a kai a kai, kuma ba zai daɗe kamar na asali ba.

Hanyoyin gyara kusurwa

Lambobin da aka samu su ne ke nuna gyaran da ya dace, daga mai sauƙi zuwa mai tsada.

*Shim a ƙarƙashin sifirin.* Wani ƙarfe ne mai siffar bakin gatari, gefe ɗaya kauri gefe ɗaya siriri, da ake sakawa tsakanin ganyen sifirin da mazauninsa a kan aksil. Ana samunsa a digiri 2, 4, 6 da makamantansu. Na baƙin ƙarfe ya fi na alminiyom, wanda kan fashe. A ɗaure shi da ƙusar tsakiyar sifirin, a sa sabbin yu-bol, a sake ɗaure su bayan 'yan kwanaki ana tafiya. Inda kaurin zai fuskanta ya danganta da ko sifirin yana saman aksil ko ƙasansa, don haka a sake awo bayan an saka. A aksil ɗin gaba a yi hattara, domin juya shi yana canza yadda sitiyari ke komawa tsakiya, mota ta riƙa yawo a titi.

*Saukar da boris ɗin tsakiya.* Ga farfela mai kashi biyu irin ta Hilux, ɗan gammon ƙarfe tsakanin boris da shasi yana rarraba karkatar tsakanin kuros ukun. Wannan ne maganin da aka fi sani na karkarwar da ke zuwa lokacin tashi daga tsaye. Ana farawa da siriri, a gwada, a ƙara in da buƙata.

*Saukar da giyar oksilari.* Masu Jeep sun daɗe suna sauke ƙarfen da ke riƙe da ita da kusan inci ɗaya. Yana rage kusurwa, amma yana cinye wani ɓangare na tsayin da aka kashe kuɗi don samu, yana kuma ƙara wa farfelar gaba karkata.

*Hannaye masu daidaituwa.* Motar da ke da sifirin mai naɗi a baya ba ta karɓar shim. Ana canza hannayen da ke riƙe da aksil da waɗanda ake iya tsawaitawa ko gajartawa, a juya hancin zuwa inda ake so.

*Farfela mai tagwayen kuros.* Idan kusurwa ta yi yawan da daidaitawa ba za ta wadatar ba, sai a koma ga farfelar da ke da kuros biyu a haɗe a ɓangaren giya. Tagwayen suna soke fizgar juna a nan take. Amma fa ƙa'idar tana sauyawa gaba ɗaya. Tunda kuros ɗaya ne ya rage a baya, babu abin da zai soke fizgarsa, dole hancin aksil ya kalli farfela kusan kai tsaye. A mota mai ganyen sifirin ana barinsa digiri 1 zuwa 2 ƙasa da layin farfela, domin yana ɗagowa in an taka totur. Kuskuren da ake yawan yi shi ne haɗa ƙa'idojin biyu: a sa tagwayen kuros a bar aksil a tsohon saiti, ko a nuna hanci sama alhali farfelar ta talakawa ce. Haka kuma in hancin ya ɗaga sosai, man aksil ba ya isa boris ɗin gaba yadda ya kamata, don haka a kula da yawan man.

*Yanke mazaunin sifirin a sake walda.* Wannan na babban ɗagawa ne, inda shim ba zai isa ba. Aikin ƙwararren mai walda ne, domin zafi da yawa yana lanƙwasa bututun aksil.

Ga masu Hilux da shaf ɗin gabansu ke yaga roba, akwai gammon da ke sauke akwatin aksil ɗin gaba kaɗan. Masu sana'ar sun fi ba da shawarar kada a wuce santimita 5 a irin wannan gaba in ba a shirya canza wasu sassa ba.

Batun tsawo

Nisan da ke tsakanin giya da aksil ma yana canzawa. A ce tazarar kwance santimita 60 ce, aksil na ƙasa da giya da santimita 10. Tsawon da ake buƙata 60.8 ne. In aka ɗaga mota ya zama 20, tsawon ya koma 63.2. Ƙarin santimita 2.4 ke nan, kuma daga sashen zamewa zai fito. Ƙalkuletar waya ta isa wannan lissafi: a ninka kowace lamba da kanta, a tara, a nemi tushen jimlar.

Idan farfela ta gajarta, haƙoran da suka rage a ciki kaɗan ne. Za ta riƙa rawa, ta cinye sil, mai ya fara zuba. Mafi muni shi ne ranar da taya ta rataya a rami, sashen ya zare gaba ɗaya. Farfelar da ta saki daga gaba tana iya cakar ƙasa ta ɗaga bayan mota, ko ta fasa tankin mai da bututun birki.

Tana kuma iya yin tsawo da yawa, musamman in an sa wata ta daban, ko ɗagawar ta jawo aksil gaba. A nan in mota ta faɗa rami da kaya, sashen zamewa zai kai ƙarshe, ƙarfin ya daki giyar oksilari kai tsaye, har gidanta ya tsage.

Ana duba wannan a yanayi uku. A zana layi da maka a inda sashen ya tsaya lokacin da mota ke tsaye. A ɗaga shasi har aksil ya rataya, a ga nawa ya fito, a kuma juya farfelar da hannu a ji ko kunnuwa na gugar juna. Sannan a loda mata kaya har ta zauna, a tabbatar da sauran wurin shiga. Ga irin wadda ke zamewa a bakin giyabos, an saba barin kusan santimita 2 zuwa 2.5 na wurin shiga in mota na tsaye. Kyamarar waya da fitilarta suna taimakawa wajen ɗaukar hoton kowane yanayi, da abin awo a gefe.

Ƙaramin giɓi ana cike shi da gammon ƙarfe a wajen faifai, tare da dogayen ƙusoshi masu ƙarfi. Babban giɓi sai an canza bututun gaba ɗaya. Yanke farfela a ƙara mata guntun bututu a tsakiya da walda ba gyara ba ne, domin da wuya ta miƙe. Duk farfelar da aka yanka ko aka yi wa walda dole a kai ta injin balansin. Masu Jeep suna da wata hanya: suna cire sashen zamewar da ke bakin giyar oksilari su sa tsayayyen faifai, wanda ke ba su damar sa farfela mai ɗan tsawo, kusurwa ta ragu.

Kurakuran da za a guje wa

- Shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai. A sa matokara masu ƙarfi a ƙarƙashin shasi.
- Cire farfelar baya ana dogaro da giya. Da zarar an cire ta, giya ba ta riƙe tayoyin baya, mota na iya gangarowa kan mai aiki. A tare tayoyi tukuna.
- Raba farfela ba tare da sa alama ba. In aka mayar da sashen zamewa ya kauce da haƙori ɗaya kawai, kunnuwa sun bar layi, jijjiga ta dawo ko da kusurwoyin daidai suke.
- Canza abubuwa biyu a lokaci guda. A yi gyara ɗaya, a auna, a gwada a titi, sannan a matsa.
- Yarda da waya fiye da kima. Tana nuna inda matsala take, amma in lambobin na kan iyaka, ƙaramin ma'aunin dijital mai maganaɗisu ya fi ta daidaito.

Kammalawa

Lokacin da ya fi dacewa a auna farfela shi ne kafin a ɗaga motar. Awo uku na kusurwa, hoton sashen zamewa, da hoton sikirin na jijjigar motar lokacin da take lafiya, duka ba za su ci rabin awa ba. Da su a hannu, bayan an gama aiki sai a sake awo a kwatanta, a ga abin da ya canza da kuma yawansa. Wanda ya riga ya ɗaga tasa ma bai makara ba. In ya je gareji da lambobi uku a rubuce, shi da makanike za su san ko shim na digiri 2 ake nema, ko gammon boris, ko sabuwar farfela, maimakon a yi ta canza kuros duk bayan 'yan watanni.